Wane agogo za ka sa wa na'urarka a Tawa, kuma me za ka rubuta a kansa?

Duk mai haɗa ƙananan na'urori masu ƙwaƙwalwa a ƙasar Adar, ko mai kunna famfon foraj da asuba ce, ko mai rubuta zafin rudun albasa a Galmi, ko mai lura da firijin allurar rigakafi a gidan likitan ƙauye, dole ya zo kan tambaya ɗaya: daga ina na'urar za ta san ƙarfe nawa? Hanyoyin da ke hannunmu huɗu ne. Akwai ƙidayar da katin ƙwaƙwalwar na'urar, irin Arduino, ke yi da kansa, akwai ɗan agogo mai pil irin DS1307 ko DS3231, akwai lokacin da ake karɓowa daga rezo, sai kuma GPS. Ra'ayina tun daga farko shi ne, ga mafi yawan aikin da ake yi a karkarar Tawa, DS3231 ne ya kamata ya riƙe lokaci, sauran su zama masu gyara masa. Amma zaɓen agogon rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne rubuta yadda umarninka ke ƙidaya lokacin, kuma a nan ne na fi ganin ɓarna.

Ƙidayar cikin kati

Umarnin millis() na Arduino kyauta ne, ba ya buƙatar ƙarin waya ko guda. Abin da yake faɗa maka shi ne milisakan nawa suka wuce tun da aka kunna katin. Bai san rana ba, bai san wata ba, kuma da an ɗauke wuta ya koma sifiri. In ka sa katin Arduino Uno cikin barci mai zurfi don tattalin batir, ƙidayar tsayawa take yi. A ESP32 kuwa, wani kati mai Wi-Fi, farkawa daga irin wannan barcin sake farawa ne daga tushe.

Lambar tana zaune cikin bit 32, wato ba ta wuce 4,294,967,295. In ka raba, kwana 49 da kusan awa 17 ke nan. Kamar carbi take: in ka kai ƙarshe sai ka ga kanka a farko. Manomin da ya dasa albasa a Disamba bai kai ga cira ba lambar ta zagayo. Ɗan'uwansa micros() ma ko minti 72 ba ya cikawa. Zagayowar ba matsala ba ce in ka rubuta gwajinka ta hanyar ragi, millis() - farko >= tazara, kuma duka lambobin unsigned long ne. Wanda ya rubuta millis() >= farko + tazara kuwa, na'urarsa za ta yi aiki lafiya lau a kan tebur, sai bayan mako bakwai a gona ta yi abin da ba a sa ta ba.

Ga kuma rashin daidaito. Ƙwaƙwalwar Uno tana tafiya da rezonato na yumɓu mai 16 MHz, wanda aka yarda kuskurensa ya kai 0.5%. In ya kai iyakar nan, minti 7 ke nan a rana guda. Don haka millis() bai dace da "kunna famfo ƙarfe shida" ba. Ya dace ƙwarai da "bar famfo ya yi minti arba'in", domin ba ya taɓa komawa baya don wani ya gyara agogo. Riƙe wannan bambancin, za mu dawo kansa.

DS1307 da DS3231

A ido kusan ɗaya suke. Dukansu daga gidan Maxim suka fito, wanda Analog Devices ya saye a 2021, dukansu suna magana da katin ta I2C, hanya mai waya biyu, a adireshin 0x68, suna ajiye lambobi da tsarin BCD, bit huɗu ga kowane adadi, kuma lissafinsu na shekara mai 29 ga Fabrairu yana aiki har zuwa 2100. Bambancin yana cikin abin da ke kaɗa musu.

DS1307 ya dogara da kiristal na waje mai bugu 32,768 a sakan. An yanke irin wannan kiristal ne don ya fi daidai a wajen digiri 25, kuma duk inda zafi ya kauce daga nan, sama ko ƙasa, sai ya rage gudu. Ragin ba a miƙe yake tafiya ba: kusan 0.034 cikin miliyan ne, a ninka da tazarar digirin sau kanta. A digiri 45, tazarar 20 ce, kuskuren ya kusa 14 cikin miliyan, ɗan fiye da sakan ɗaya a rana. A digiri 60, tazarar 35, kuskuren ya haura 41 cikin miliyan, sakan uku da rabi a rana. To, a Afrilu da Mayu inuwa kanta tana wuce digiri 40 a Tawa, balle akwatin ƙarfe da aka ɗaure jikin ƙafar panno a tsakiyar rana. Wannan kuma ƙari ne a kan kuskuren da kiristal ɗin ya fito da shi daga masana'anta, wanda galibi 20 cikin miliyan ne, kusan minti goma a shekara. Sannan DS1307 yana son wuta volt 5, abin da ke sa haɗa shi da ESP32 mai 3.3 ya zama ƙarin aiki. Araha ba ta ado.

DS3231 ya haɗiye kiristal ɗinsa a ciki tare da ma'aunin zafi. Duk sakan 64 yana auna zafin ya gyara gudun. Takardar masana'anta ta yi alkawarin 2 cikin miliyan tsakanin digiri 0 da 40, wato kusan minti ɗaya a shekara, da 3.5 cikin miliyan daga nan har digiri 85, wanda bai kai minti biyu a shekara ba. Yana aiki daga volt 2.3 zuwa 5.5. Yana da ƙararrawa biyu da za su iya tada katin daga barci, abin da ke da amfani sosai ga na'urar da ke rayuwa da ƙaramin batir. Ma'aunin zafinsa kuskurensa digiri 3 ne, bai isa lura da allurar rigakafi ba, amma ya isa ya gaya maka ko akwatinka na dahuwa.

Abu biyu za ka duba in katin ya zo hannunka. Karanta rubutun da ke bayan baƙin guntun: DS3231SN shi ne mai kiristal wanda ya jure har digiri 85, DS3231M kuwa wani iri ne da alkawarinsa 5 cikin miliyan. Abu na biyun da za ka duba ya fi muhimmanci. Shuɗin katin nan da ya cika kasuwa, mai alamar ZS-042, yana da rezistans da diyod da ke tura wuta cikin pil, domin an tsara shi ne don pil LIR2032 mai karɓar caji. In ka sa masa CR2032 na gama-gari ka ba shi volt 5, cajin abin da ba a caji yake yi, har pil ɗin ya kumbura. Cire rezistans ɗin da ƙarfen narka dalma, aikin minti ɗaya ne.

Akwai wani tarko da ke cikin misalin da ke zuwa tare da laburaren RTClib na Adafruit, wato tarin kod na magana da waɗannan agogunan, layin da ke saita agogo da __DATE__ da __TIME__. Lokacin da aka harhaɗa kod ɗin a kwamfuta ne yake sawa, kuma agogon gida na kwamfutar ne, ba UTC ba, wato agogon duniya da ake auna lokacin kowace ƙasa da shi. In ka bar layin ba sharaɗi, duk sa'ad da wuta ta ɗauke ta dawo, na'urar za ta koma ranar da ka ɗora mata manhaja. DS3231 yana da tuta da ke tashi in bugunsa ya taɓa tsayawa, RTClib yana karanta ta da lostPower(). Da ita za ka yi sharaɗin, kuma ko a nan, abin da ya fi shi ne na'urar ta san cewa ba ta san lokaci ba, maimakon ta ɗauki tsohuwar rana ta ci gaba da rubutu da ita.

Rezo da taurari

A Yamai, inda ofis ke da Wi-Fi, ESP32 da NTP sun fi komai sauƙi. NTP tsarin karɓar lokaci ta intanet ne da David Mills na jami'ar Delaware ta Amurka ya ƙirƙira a shekarun 1980, kuma layi ɗaya na configTime() ya isa. Raunin a fili yake: ba intanet, ba lokaci. Agogon cikin ESP32 da ke riƙe ƙidaya sa'ad da yake barci yana tafiya da wani bugu na kusan 150 kHz wanda zafi ke juyawa yadda ya so, don haka na'urar da ke barci awa da awa sai ta yi ta zamewa tsakanin gyara da gyara.

Da SIM800L, ɗan katin da ke ɗaukar SIM ya shiga rezon waya, ana iya tambayar agogo da AT+CCLK?, bayan an kunna AT+CLTS=1 don ya karɓi lokacin da rezon waya ke aikowa. Ba kowane kamfani ke aiko shi a kowace eriya ba, sai ka gwada da ainihin SIM ɗin a ainihin wurin da na'urar za ta zauna. In bai samu ba, zai ba ka amsa mai kyakkyawar siffa da ranar 04/01/01, wato farkon 2004, kod ɗin da ba ya bincike kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Lambar ƙarshe ta amsar ba awa ba ce, rubu'in awa ce: +04 na nufin awa ɗaya gaba da UTC, lokacin Nijar ke nan. Kada ka manta 2G kaɗai yake ji, kuma yakan fizgi har amfiya 2 sa'ad da yake neman eriya.

GPS shi ne sarkin daidaito, kuma bai damu da ko akwai rezo a Abalak ko babu ba. Sararin sama kawai yake so, wannan kuwa muna da shi. Guntu irin NEO-6M na u-blox yana turo UTC da kwanan wata cikin jimlar RMC. Sai dai yana cin wuta dubban ninkin abin da DS3231 ke ci, ba ya aiki ƙarƙashin rufin kwano, kuma yana da nasa ƙulli. Ƙidayar GPS ta fara ne 6 ga Janairu 1980, ba ta saka sakan ɗin da akan ƙara wa UTC, shi ya sa tun farkon 2017 take gaban UTC da sakan 18. Guntun na cire su da kansa, amma bayanin na iya ɗaukar minti 12 da rabi kafin ya sauko daga tauraro. Lambar mako kuma bit 10 ce, tana cika duk mako 1024: ta zagayo a Agusta 1999, ta sake a 6 ga Afrilu 2019, ta gaba a Nuwamba 2038. Tsofaffin guntaye sukan nuna awa daidai, kwanan wata kuma ya koma baya kusan shekara ashirin.

Saboda haka nake cewa su zama masu gyara. A kunna GPS ko SIM sau ɗaya a mako, a gyara DS3231, a kashe. Kuma nan ne bambancin da na ce ka riƙe ya shigo. Gyara na iya mayar da agogo baya. In tsawon ban-ruwa da agogon bango kake auna shi, gyaran sakan goma zai ƙara ko ya rage. In ya faɗo daidai ƙarfe shida, famfo na iya tashi sau biyu. Lokacin farawa daga DS3231, tsawon aiki daga millis(), sannan na'urar ta ajiye ranar da ta yi ban-ruwa na ƙarshe.

Lambar da ba a rubuta asalinta ba

Wani yaro da ke koyon aiki a wurina ya kawo katin SD daga wani akwati a lambunan Tabalak. Wanda ya haɗa akwatin ya tafi Abijan, bai bar ko takarda ɗaya ba. Layin farko na fayil ɗin ya fara da 765262800. Yaron ya zuba lambar a shafin da ke juya lokacin Unix, wato ƙidayar sakan tun farkon 1970, zuwa kwanan wata, ya juyo ya ce, "Maigida, abin nan ya haukace, wai 2 ga Afrilu 1994." Na ce, "Ƙanena, ƙara mata 946684800 mu gani." Sai ga 1 ga Afrilu 2024, ƙarfe 5:00. Na'urar daga farkon 2000 take ƙidaya, ba daga 1970 ba. Ya ce, "To biyar ɗin namu ne ko na UTC?" Wannan ba lissafin da zai amsa shi. Sai da muka bi layin ƙarfin wutar panno: a fayil yana fara tashi biyar da rabi da ƴan mintuna, alhali a farkon Afrilu rana na fitowa a yankin Tawa shida da rabi da ƴan mintuna. UTC ne. Da akwatin ba ya rubuta wutar panno, da har yau ana gardama.

Mafarin ƙidaya ya kasu fiye da yadda ake zato. Unix daga 1 ga Janairu 1970. In lambar bit 32 ce mai alamar ragi, za ta cika 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 03:14:07 UTC ta faɗa Disamba 1901, in kuma marar alama ce ta kai Fabrairu 2106. Laburaren time.h na avr-libc daga 2000 yake farawa. MicroPython a wasu katuna 2000, a wasu 1970, takardarsa ma cewa ta yi ka duba da time.gmtime(0). NTP daga 1900, tazararsa da Unix sakan 2,208,988,800, kuma zagayensa na farko zai ƙare 7 ga Fabrairu 2036. ESP-IDF, kayan rubuta manhajar ESP32, bai mayar da lambar lokacinsa, time_t, bit 64 ba sai a fitowa ta 5.0. Famfon foraj da aka kafa bana ana sa ran ya ga 2038, don haka wannan ba maganar jikoki ba ce.

Ranakun mako sun fi rikici. Ɗauki Lahadi, ranar kasuwar Tawa. A struct tm na harshen C da RTClib lambarta 0. A laburaren TimeLib 1. A MicroPython 6. A ƙa'idar ISO 8601 kuma 7. Shi DS3231 lamba 1 zuwa 7 kawai yake juyawa, ya bar maka ka zaɓi wacce ce Lahadi. A struct tm wata yana farawa daga 0, kwanan wata daga 1, shekara kuma ragi ce daga 1900, wato 2025 tana fitowa 125. Ƙararrawar makarantar da aka ce ta canza tsari ranar Juma'a sai ta canza ranar Alhamis ko Asabar, ba don agogo ya lalace ba.

Game da yankin lokaci, mun yi sa'a: Nijar UTC+1 ce duk shekara, ba ma ja da agogo gaba ko baya. Wannan sa'ar ce ke sa mutane ajiye lokacin gida kai tsaye. Ni na fi son a ajiye UTC a ƙara awa ɗaya wajen nunawa kaɗai, domin bayanan ba a Tawa suke tsayawa ba. Abokin aiki a Wagadugu ko Bamako yana UTC daidai, na Faransa yana daidai da mu a hunturunsu, ya wuce mu da awa ɗaya a bazararsu. In za ka saita yankin da rubutun POSIX, WAT-1 ake rubutawa, alamar a juye take. Kwanan wata a fayil kuma a rubuta shi 2025-04-03T06:00:00+01:00. In ka rubuta 03/04/2025, mu 3 ga Afrilu muke karantawa, manhajar da aka saita da tsarin Amurka ta ce 4 ga Maris.

Masu haɗa allon lokutan salla, kalandar Hijira ta lissafi ba ta san daren da aka ga wata ba. Ku bar maɓallin ƙara ko rage kwana ɗaya, ku rubuta inda yake.

Ina za a rubuta?

Wuri uku ne ke takara: saman umarnin a cikin kod, fayil na daban, ko takarda cikin murfin akwati. Fayil na daban ya fi ɗaukar dogon bayani da zane, amma shi ke fara tsufa, domin ana gyara kod a manta da shi, kuma yana tafiya da kwamfutar mai shi. Bayanin cikin kod yana gaban idon mai gyara, kuma Doxygen, wanda Dimitri van Heesch ya fitar a 1997, yana iya tattara shi ya zama shafuka in an bi tsarinsa. Ga umarnin lokaci, nan ne mazaunin gaskiya. Ga irin abin da nake so in tarar:

/* lokaci_yanzu()
 * Yana dawo da sakan tun 1970-01-01 00:00 UTC, uint32_t, iyaka 2106.
 * Tushe DS3231. GPS na gyara shi duk Litinin.
 * Yana iya komawa baya bayan gyara, kada a auna tsawon aiki da shi.
 * Yana dawo da 0 in agogon ya rasa wuta.
 */

Layi biyar ne, kuma layi biyun ƙarshe su ne waɗanda kusan ba wanda ke rubutawa. Haka nan layin farko na kowane fayil da na'urar ke ajiyewa a katin SD ya faɗi mafarin ƙidaya da yankin lokaci, don fayil yakan rabu da kod ɗin da ya haife shi. Kada ka dogara da ranar da kwamfuta ke nunawa a jikin fayil ɗin: tsarin FAT na katin SD daga 1980 yake ƙidaya, da tsallen sakan biyu biyu, kuma sai ka ba laburaren SD lokaci da kanka yake rubuta na gaskiya.

Takardar murfi ba ta maye gurbin waɗannan, masu karanta ta daban ne. Mai gadin foraj ko makanikin da aka kira daga Ƙonni ba zai buɗe kod ba. Abin da yake bukata shi ne: wane pil ne, yaushe aka sa shi, me ƙyaftawar jar fitila ke nufi, yaya ake saita agogo. A rubuta da Faransanci da Hausa, boko ko ajami, gwargwadon wanda zai karanta. Ban da takardar rasit irin ta injin zafi, rana ɗaya ta bazara ta isa ta baƙanta ta.

Kafin akwatin ya bar shago, gwada abin da ka rubuta. Saita agogo 28 ga Fabrairu 2028 da ƙarfe 23:59 ka ga ko zai shiga 29. Saita shi 19 ga Janairu 2038 da 03:13 UTC ka zauna minti biyu. Sa shi 22:59 UTC ka tabbatar kwanan watan gida ya juya a allo alhali na fayil bai juya ba. Cire pil da babbar wuta tare, mayar, ka ga ko na'urar za ta ƙi rubuta ranar ƙarya. Ga millis() ba sai ka jira mako bakwai ba: naɗe shi cikin umarninka, ka ƙara masa 4,294,900,000, zagayowar za ta zo bayan sakan 67.